Tabon da Mai Zane Ya Goge

A bakin kasuwar Kafanchan wata guntuwar mata tana tsaye gaban mai zanen hotuna, zaninta duk ƙasar gonar citta, baki a tsuke kamar ta tauna barkono. Hoton marigayi mijinta Silvanus ta sa a zana mata don falo. Gwanin naka kuwa ya yi masa kumatu sumul, babu tabon saran da ta ce ya sa, sai ka ce sabon ango.

"Mama, gyara shi na yi."

"Wa ya aike ka?"

Ta zaro wuƙar tsaga citta, ta keta hoton daga kunne har haɓa. Mai zane ya yi baya yana taka fenti. Da alama nan adda ta bi a fuskar mijin ranar da aka kashe shi, matar ta zama gwauruwa.

"Yauwa, yanzu Silvanus ne," ta ce, ta rungume abinta.