Kawu Ishaya da Yaƙin Gansakuka

Duk wanda ya san Kawu Ishaya ya san buroshin nan. Inda manyan mutane ke soke biro a aljihun gaba, shi buroshin goge baki yake sokewa, tsoho wanda gashinsa ya baje. Da shi yake zuwa coci, da shi yake zuwa jana'iza, har a hoton bikina yana nan ya leƙo. Kuma ba na haƙoransa ba ne, don haƙora shida suka rage masa, su ma asuwaki yake musu. Na goge duwatsun cikin akwatin kifinsa ne.

Ni a hannunsa na tashi, wan mahaifiyata ne, saboda haka na ga yaƙin nan tun daga farkonsa. A falonsa na Samaru akwai akwatin gilashi cike da ruwan gishiri irin na teku, da kifi huɗu masu launi, da duwatsu, da murjani. A gidan na fara sanin cewa murjanin da kakanninmu ke ratayawa a wuya halitta ce mai rai, in ta ji daɗi ta buɗe, in ta ji wuya ta tsuke.

Asalin maganar kuwa alkawari ne. Lokacin da yake neman Inna Saratu ya ce zai saya mata murjani. Aka yi aure, aka haifi 'ya'ya biyar, aka aurar da su, murjani shiru. Sai da ya yi ritaya ya je Legas wurin babban ɗansa, ya dawo rungume da kula a cinya.

"Saratu, ga alkawari na cika."

Inna ta leƙa. "Wannan ai citta ce ta jiƙa."

"Murjani ne. Mai rai ma."

"Na wuya ka ce mini, Ishaya. Ban karɓa ba. Ranar da ya yi kyan da zan iya nuna wa matan zumuntar cocinmu, ranar zan karɓa."

Ita da wasa ta faɗa. Shi kuwa ya riƙe ta da hannu biyu, don Kawu bai taɓa yarda a ce ya karya magana ba.

Abokiyar gabarsa ita ce gansakuka. Koriya, mai gashi-gashi, ta lulluɓe duwatsu, ta hau gilashi, ta fara shaƙe murjanin. Ka goge da safe, kafin la'asar ta dawo ta gaishe ka. Abin da ke ciyar da ita shi ne naitiret, sinadarin nan na cikin takin zamani. Ku tuna fa, Kawu malamin gona ne. Shekara talatin da biyar yana yawo a kan babur ƙauye-ƙauye yana roƙon manoma su zuba wannan abu a ƙasa, sai ga shi da tsufa yana roƙon Allah ya raba shi da shi. Yana da 'yar kwalba da yake ɗiban ruwan akwatin ya ɗiga magani. In ruwan ya yi ɗorawa, gida lafiya. In ya yi ja, ranar ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau.

Daga nan ya samo karin maganarsa: "Ƙoshi ne uban gansakuka." Wai ragowar abinci da kashin kifi ne ke zama naitiret, don haka ya sa wa kifin nan doka, ƙwaya uku-uku a rana, da tsinken tsintsiya yake auna musu. Bai tsaya kan kifi ba. Wani ɗan takarar kansila ya zo neman ƙuri'a, Kawu ya daɗe yana duban tumbinsa, sannan ya ce, "Ɗana, naitiret ya yi maka yawa." Mutumin ya durƙusa ya ce, "Addu'arku ce, Baba."

Duk da horon yunwar, kwalba ta ci gaba da yin ja. Kawu ya kafa kwamitin bincike, shi ne shugaba, shi ne sakatare, ya zaunar da mu a falo. Ba a je ko'ina ba Inna ta ce ita ce, kullum in ya tafi sayen jarida takan barbaɗa wa kifin garin kirefish ɗin da take miya da shi.

"Saratu, kin san abin da kika yi wa kimiyya?"

"Na san abin da ka yi wa bayin Allah. Dubi mai ratsin nan, idonsa har ya faɗa. A gidana ba a wuni da yunwa, ko kifi ne."

Washegari ya kira kafinta aka yi wa akwatin murfi da kwaɗo. Kwalba dai ba ta fasa ja ba.

Kun san Kawu da tattali. Mutumin da ke shanya ganyen shayi ya sake dafawa ba zai zubar da ruwa a banza ba. Duk mako yakan kwashe bokiti biyu na tsohon ruwan akwatin ya zuba sabo, tsohon kuwa yana ta ba shi takaici, ga naitiret cike ana tuttulawa a kwata. Wata Asabar Inna ta tafi kasuwa, ya ɗauki bokitin ya shayar da lambunta na bayan ɗaki, yana cewa taki ne kyauta. Kwana uku yakuwa ta kwanta, tumatir ya bi ta, ko barkono bai tsira ba.

"Duk shekarun nan gwamnati na kiranka gwani, ba ka san gishiri na kashe shuka ba?"

"Na sani mana. Gwaji nake."

"To sakamako ya fito. Yau miyar gwaji za ka sha."

Ni ce, da ƙaramin sanina, na ce masa ya gwada ruwan rijiyar gidan tun kafin ya zuba masa gishiri. Ya harare ni, ya ce rijiyarsa babu irinta a duk Samaru. Bayan kwana biyu na same shi a bakin rijiyar, riƙe da kwalba ja wur kamar zoɓo. Ashe duk sabon ruwan da yake zubawa, da naitiret ɗinsa yake zuwa. Bayan katangarmu gonar masarar Malam Tanko ce, damina na wanke takinta zuwa cikin ƙasa.

Kawu ya sa hula, na bi shi don kar a yi abin kunya.

"Malam Tanko, alfarma na zo nema. Ka rage taki."

Malam Tanko ya jingine fartanya. "Ikon Allah. Malam, ba kai ka zo ƙauyenmu da babur ba, ka ce wanda bai zuba taki ba wasa yake da ƙasa?"

"Wancan Ishaya na gwamnati ne. Wannan na kansa ne."

"To mu na gwamnatin muka fi ganewa, Malam. Dubi masara."

Muka dawo gida. Ya zare kwaɗon akwatin ya ajiye gaban Inna, wannan shi ne ban haƙurinsa.

Daga ranar ya koma ruwan batir, wanda aka tace babu komai a cikinsa. Duk mako sai ya hau adaidaita da jarkoki zuwa Sabon Gari wurin Oga Chinedu mai kayan mota. A zuwa na huɗu mutumin ya kasa haƙuri.

"Baba, abeg, how many trailer you get? Tirela nawa gare ka? Ka faɗa mini gaskiya, ni ma in kawo maka taya."

"Kifi huɗu," in ji Kawu.

A hankali kwalba ta koma ɗorawa. Gansakuka ta fara ja da baya, murjanin ya fara buɗewa, ya yi 'yan rassa masu jan launi. Kullum Kawu na kallon Inna ta wutsiyar ido, ita kuma tana wucewa da tire kamar ba ta gani ba. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da shi.

Mako uku ya yi a asibiti. Duk wanda ya shiga duba shi, kafin ya ce yaya jiki, Kawu ya riga ya tambaya ko an canza ruwa. Mu duka hankalinmu na kansa, akwatin ya koma kore shar. Wata rana na je gida ɗauko masa kaya, na tarar da Inna ta naɗe hannun riga, ta sa tabarau, tana ƙirga ɗigon magani a kwalba tana kankare dutse. Ta ce in na faɗa masa sai ta saɓa mini. Kwana tara tana yi, tsakanin asibiti da gida, har da zuwa wurin Oga Chinedu da kanta.

Ranar Lahadi matan zumunta suka zo gida gaishe ta. Da yamma ta je asibiti ta zauna a bakin gadonsa, ina tsaye.

"Ishaya, na nuna musu. Maman Talatu har ta ɗauki hoto." Ta kama hannunsa. "Na karɓi murjanina."

Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen kunnensa. Can ya ce, "Shekara arba'in da bakwai ina jira." Sai ya buɗe ido ɗaya. "Kar dai ki ba su kirefish."

Ranar Talata ya cika.

Kawu, mun yi maka dariya da yawa, kuma ka san da ƙauna muka yi. Yau falon ya yi mana faɗi. Ubangiji ya karɓi bawansa Ishaya, ya yafe masa kurakuransa, ya ba shi hutawa. Ya ƙarfafa Inna Saratu, ya raya mata abin da ya bar mata. Amin.