Ƙwallon Tebur a Tankin Hajiya

Ko da na tsufa na fara manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da 'yar ƙwallon tebur ta kusa raba mu da gidan da muke haya a unguwar Mansur ta Makka.

Gidan na wata dattijuwa ne, ƙawar mahaifiyata, muna ce mata Hajiya. Tana ƙasa, mu muna sama, tankinmu ɗaya a rufin bene, kowa da bututunsa. A rufin nan maigidana ya kafa teburin wasansu, bayan la'asar abokansa su taru su yi ta tas-tas har magariba.

Ana cikin zafin nan na Makka sai famfon Hajiya ya fara wani iskanci. Tana tsaka da alwala ya ɗauke, alhali namu na zuba. In motar ruwa ta zo aka cika tanki, ya dawo kamar ba shi ba. Mai gyara ya duba bututu ya ce lafiya lau. Daga nan ta sa a ranta ni ce nake hawa ina rufe mata makullin bututu don in ja ruwan ni kaɗai. Ran nan ta tare ni a matakala ta ce, "Ya binti, 'yata, ban taɓa zaton haka daga gare ki ba. Halas, magana ta ƙare, kafin aikin Hajji ku nemi wani wuri."

Matar da ta yi min wankan jego ce take kirana ɓarauniyar ruwa! Wallahi abin ya yi min ciwo, na shiga ɗaki na sha kuka.

Da na gama kukan sai tambaya ta kama ni. Me zai hana ruwa bin bututu ɗaya ya bi ɗaya? Na hau rufi, na ɗaga murfin tankin, na haska da wayata. Sai ga wata 'yar farar ƙwallo tana yawo a kan ruwa hankalinta kwance. Na kira maigida. Ya sosa ƙeya ya ce, e, ta faɗa ciki tun ranar da aka buɗe tankin za a wanke.

"To ita ce," in ji ni.

Ya yi dariya. "Haba ke kuwa! Wannan korar ruwa take, ko jiƙewa ba ta yi. Me zai kai ta bakin bututu?"

Maganar nan ta tsaya min a rai. Korar ruwa? Na tsamo ta, na kai ta kicin, na tsoma a kwano. Na danna ta ƙasa, ina saki ta yi tsalle ta fito. Na ɗaga ta a haske, sai na ga ɗigo-ɗigon ruwa manne a jikinta, yatsuna ma sun jiƙe. Ashe bayanta yana jiƙewa sarai, ciki ne dai ruwa ba ya shiga, iskar da ke cikin kuma ita ke ɗaga ta. Na girgiza ta a kunne, shiru. Kwana da kwanaki a tanki amma ko ɗigo bai ratsa ta ba. Abinci na kan wuta ina can ina wasa da ƙwallo, har shinkafa ta kama.

Sai na tuna bututun Hajiya ya fi namu tudu a jikin tankin. Na ɗauko tsohon bokitin roba, na ƙona wuƙa na huda gefensa a wuri biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na sauka da shi har ƙofarta, maigida na bina da jarkar ruwa yana cewa zan ba mu kunya.

"Inna, ki duba kawai," na ce mata.

Muka cika bokitin, na jefa ƙwallon. Ruwa na zuba ta ramukan biyu, tana sauka a hankali tare da shi. Tana zuwa daidai ramin sama sai ruwan ya zuƙe ta, ɗaf, ta manne. Na sama ya tsaya cak, na ƙasa ya ci gaba da zuba a kan tayil ɗinta.

Hajiya ta ce a sake. Muka sake. Ta karɓi ƙwallon tana jujjuya ta, can ta kalli maigida ta ce, "Kai da teburinka, Allah ya shirye ka." Sai ta kama hannuna da jiƙaƙƙen hannunta, ta ce, "Na ɗauki alhakinki a garin Makka. Ki yafe min tun ina da rai."

Na yafe mata a take, ni ma ina hawaye. Muka ci gaba da zama a gidan har Allah ya karɓi ranta, kuma ni na yi mata wanka. Har yau nakan yi tunanin da mun kwashe kayanmu cikin fushi, da ta tafi kabari tana ganina ɓarauniya. Tun daga ranar, duk abin da ya lalace tsakanina da mutum, sai na je na duba da idona kafin in yarda cewa mugunta ce.