Takalmi a Tabarmar Manoman Garo

Shekara ashirin Dakta Mahbub, mutumin Garo, yana koya wa ɗaliban digiri na biyu a Kano tafiyar da kamfanoni masu rassa a ƙasashe. Kullum yakan ce, duk ƙasar da ka shiga, fara koyon gaisuwarta.

Da wani kamfanin riɗi ya roƙe shi manaja, sai ya taho gida da zakaran ajinsa, Abdulnasir, wanda ya haddace har gaisuwar Japanawa. Da suka je gai da manoman da kamfanin ke sayen riɗinsu, gogan ya tako tabarmarsu da takalminsa, ko sallama babu.

"Baba, buhu nawa gare ka?"

Dattijon ya dubi takalmin. "Dakta, ɗalibinka ne?"

Dakta ya tofar da yawu gefe. Takardar shaidar da ya rubuta wa Abdulnasir, a aljihunsa ta koma Kano.