Bakin Kamfani a Zaman Makoki

Ishiyaku Barau da bakinsa ya ci abinci, tun daga fitowarsa makarantar midil ta Birnin Kudu. Shekarar da aka sami mulkin kai ofishin yaɗa labarai na En'e, wato hukumar gargajiya, ya ɗauke shi, aka haɗa shi da motar lasifika. Duk inda kasuwa take ci, daga Yalwan Damai har Fagam, sai ka ji muryarsa yana roƙon mutane su kai yara rigakafi, su daina ɓoye shanu in mai allura ya zo. Allah ya ba shi iya lallashi. Ko tsohon da ya rantse ba zai saurara ba, sai ka gan shi ya matso yana gyara hula.

Wansa Abdulsalami ne ya riƙe gandu a Farin Dutse ta ƙasar Gwaram bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi ta noma har Ishiyaku ya gama karatu, kuma bai taɓa yi masa gori ba. Ɗaki ma ya ware masa a gidan, ana yi masa yaɓe kafin kowace damina, don kullum Ishiyaku cewa yake nan zai dawo ya huta in ya ajiye aiki. A cikin maganganunsa masu yawa, wannan ce yake faɗa har zuci.

Da arzikin man fetur ya shigo, wani kamfanin taki da tarakta a Kano ya ɗauke shi jami'in hulɗa da jama'a. Sunan ya fi aikin daɗi. Aikin dai shi ne ba da haƙuri kan laifin da ba kai ka yi ba. In taki ya makara, a kira Ishiyaku. In motar kamfani ta take akuyar wani, a kira Ishiyaku. Uwa uba gaisuwar mutuwa: dilan taki ne ya rasu ko surukin manaja, shi za a tura da huhun goro. Har ya ƙware, yana yi ba ya jin komai. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban mafi tsufa, ya ja Fatiha, ya yabi mamacin da bai taɓa gani ba, ya miƙe kafin a kawo masa ruwa.

'Yan Gwaram mazauna Kano su ma ba su ƙyale shi ba, suka naɗa shi sakataren ƙungiyarsu. Shi ya yi ta zarya a ma'aikatu har aka gina ɗakin shan magani a yankinsu, shi ke raka mai neman gado a asibiti da mai nema wa ɗansa makaranta. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya magani. Gida kuwa sai dai ya biyo a tsaitsaye, direba bai ma kashe mota ba.

Ranar da labarin rasuwar Abdulsalami ya iso masa, yana tsakiyar shirin buɗe sabon reshen kamfani. Kafin ya wuce Birnin Kudu, ya sha ramukan hanyar Gwaram, an riga an kai marigayin makwancinsa. Ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Bappa Manu ƙanin mahaifinsu yana zaune, ga Salihu babban ɗan marigayin a gefensa, mutane suna ta shigowa gaisuwa.

Sai jiki ya yi abin da ya saba. Ishiyaku ya sa direba ya sauke goro, ya durƙusa gaban tsohon, ya ja Fatiha, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai haƙuri, mai riƙon zumunci. Allah ya sa ya huta." Ya shafa addu'a, ya miƙe, ya nufi takalmansa.

Mutane suka bi shi da kallo.

Bappa Manu ya ɗago kai a hankali. "Ishiyaku, ina kuma za ka? Wanka ne fa ya mutu. Kai ake zuwa yi wa gaisuwa, ɗan nan."

Ya tsaya ƙafa ɗaya a cikin takalmi, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya dawo ya zauna kusa da Salihu. Amma abin da ido ya gani ya gani. Masu zuwa sai su durƙusa wa Bappa, su juya ga Salihu su ce ya haƙuri, shi kuwa su miƙo masa hannu biyu da fara'a: "Alhaji, sannu da zuwa, ya mutanen Kano?" Wani ma har ya raɗa masa batun taki. Ba mugunta ba ce, haka ya saba musu da kansa. Wannan ne ya fi ci masa rai. Ya zauna yana tunanin gidan da yake burin ƙarasa kwanakinsa a ciki, ashe tuni ya zama baƙo a cikinsa, kuma wanda yake tsare masa wurin ya tafi.

Ya yi zaman dai, bai motsa ba har aka yi sadakar uku, ba wanda ya yi masa gaisuwar mai gida. Da mutane suka ragu ya shiga ciki ya gaida Kubura, matar wansa, wadda ke takaba. Da can abokiyar wasansa ce, ba ta ganinsa ba ta tsokane shi ba. Ya same ta a bakin ɗaki ta lulluɓe, ta rame. Ya durƙusa yana haɗa abin da zai faɗa, sai ta riga shi.

"Ɗan boko, kai ya haƙuri? Ni miji na rasa. Kai kuwa uba ka sake rasawa."

Ishiyaku ya buɗe baki, kalma ko ɗaya ta ƙi zuwa. Ya zame ya zauna daɓas a ƙasa da babbar rigarsa, ya rufe fuska da hannun riga, ya yi ta kuka, ita kuma ta ƙyale shi ya yi.