Farfesa Wataƙila

Muna dawowa daga taron da ɗaliban yayana, farfesan lissafi, suka shirya don karrama shi, Hajiyarmu ta tsare shi a mota.

"Wai wane irin lissafi kake yi har Turawa ke karanta rubutunka?"

Ya ce, "Hajiya, yiwuwar abin da zai faru nan gaba nake aunawa."

Ta yi salati. "Duba ka koma? Tsaya nan Apo in sauka."

Farfesa ya yi maza ya ce, "Ba duba ba ne. Ni ba na cewa tabbas, wataƙila nake cewa."

Ta ƙare masa kallo. "Duk furfurar nan a kan wataƙila ka yi ta?"

Sunansa ke nan yanzu a gida. Ku fa, iyayenku sun gane aikinku kuwa?