Asabar a Ƙofar Gidan Gwamna

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ne likita ya gaya mana idon Baba ba na aikin tiyata ba ne. Jijiyar ce ke mutuwa, sai dai ɗigon magani don a rage mata sauri. Ni na raka shi, ni kuma na juya masa maganar zuwa Hausa. Muka koma ƙauyenmu Garagumsa. Nan ya ce kafin abin ya rufe yana son ya gaida dangi a Guna, a hanya kuma a tsaya masa a gidan gwamna a Damagaram.

Sau ɗaya ya taɓa shiga gidan, yana saurayi, cikin ayarin manoman da aka kira wata shekarar da gero ya yi kyau. Da labarin muka tashi: doguwar baranda, jan daɓe mai sanyin da mutum ke ji har gwiwa, da ruwan ƙanƙarar da aka ba su a kofin gilashi. Shi yake son ya sake gani.

Kawu, ƙanin Inna, ya kawo motarsa. Baba ya sa aka kama zabi biyu aka ɗaure a baya, ya ce ba a shiga gidan babba hannu Rabbana. Ina kujerar baya kusa da Inna, littafi a cinya, ban buɗe ba.

"Malam, gwamnan ya san da zuwanka kuwa?" in ji Kawu, bayan mun wuce Takeita.

"Kai dai riƙe sitiyari. Wa ya taɓa aike kafin ya je gaisuwa? Zaure ne, ka yi sallama ka zauna."

"To idan ya ce ka kwana fa? Zabin nan dai ni zan ci."

"Da ka ci na auren yayarka bai ishe ka ba."

Haka Baba ya ɗauki wurin, gidan babban mutum, ƙofa a buɗe kullum, da mai kai saƙo ciki. Mu kuma a ƙauye Asabar rana ce kamar sauran, ni ma hutun makaranta ya sa kwanakin sun cakuɗe mini. Ba wanda ya yi lissafinta.

Rana ta take sosai muka iso. Babbar ƙofar ƙarfe a rufe, soja ɗaya zaune a inuwa. Baba ya fito, ya tuɓe takalmansa tun daga bakin kwalta, ya tako yashi mai zafi. Ya laluba ya kamo hannuna.

"Uwata, yi masa Faransancin nan."

Na shirya jimlar tun cikin mota, na gyara ta, na sake gyarawa. Da na buɗe baki sai ta fito ƙasa-ƙasa, ko ni ban ji ƙarshenta ba. Sojan ya dube ni, ya dubi ƙafafun Baba, ya miƙe.

"Baba, sa takalminka, za ka ƙone," ya ce da Hausa. "Daga ina?"

Baba ya gaishe shi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya ce ya zo gaida maigida.

"Ai nan biro ne, Baba, wurin aiki ba gida ba. Yau Asabar, babu kowa. Sai Litinin."

"To, ɗana, ba sai na ga kowa ba. Barandar kawai."

Na yi wa sojan bayanin idon a hankali, don kada Baba ya ji, ko da yake ya ji. Sojan ya ce wallahi ba shi da ikon shigar da mutum, kuma na ga gaskiya yake faɗa. Abin da ya iya shi ne ya buɗe ƙaramar ƙofa, ya ce Baba ya tsaya a bakinta ya duba. Zabin ma ya ƙi karɓa.

Baba ya tsaya, ya sa hannu ya kare rana. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yadda yake yi in yana neman gefen da ya rage masa. Ginin na can nesa, bayan fili da itatuwa, hasken rana kuma ya yi masa yawa.

"Fari kawai nake gani," ya ce. "Uwata, ke me kike gani?"

Na faɗa masa komai bi da bi: tuta a kan dogon ƙarfe, itatuwan dogon yaro, tagogi a rufe, wata mota da aka lulluɓe.

"Daɓen fa? Har yanzu ja ne?"

Na yi ɗage, na ƙura ido. Daga inda muke ba a hango daɓe. Na so in ce masa ja ne, bakina ya kasa.

"Ba na hango shi, Baba."

Inna ta ce ai sai mu kwana biyu a Guna mu biyo ranar Litinin. Kawu ya sunkuyar da kai, don jibi motar na da lodi zuwa wani gari, kuma duk mun sani. Ya ce bayan damina, in Allah ya so. Baba ya ce to. Ya yi wa sojan godiya da addu'a, na durƙusa na sa masa takalman.

A Guna dangi suka kewaye shi a tabarma, wani tsoho ya tambaye shi yadda ya samu gidan bayan shekaru. Baba ya juyo wajen da yake zaton ina zaune, ya ɗan kuskure ni.

"Ku tambayi Uwata," ya ce. "Ita ta gani."

Duk suka juyo gare ni. Na faɗa musu tuta da itatuwa da tagogi, suna jiran saura, ni kuma iyakar abin da nake da shi ke nan. Kafin a yanke gero a shekarar idon ya rufe.