Ƙahon da Aka Yi wa Baba

Shekarar da gero ya ƙi, muna cin jar dawar taimako, Baba ya soma haki. Baduku ne, mutumin da ke hawan duwatsun Birni da ɗaurin fata a kafaɗa, amma sai ga shi daga ɗaki zuwa zaure yana dafa bango. Zuciyarsa na bugawa har rigarsa na motsi.

Ƙanensa, Baffa, ya zo ya dube shi sau ɗaya.

"Mataccen jini ne ya danne masa ƙirji. A kira wanzami."

Na ce a kai shi likita. Baffa ya ce, "Ke kuma yaushe aka haife ki?" Alhali ina da goyo a baya.

Da hantsi wanzamin ya iso. Ya tsattsaga bayan Baba, bayan da duk haƙarƙari ne, ya kafa ƙaho ya tsotsa har kumatunsa suka lotsa. Ya juye gudajin jini baƙi ƙirin cikin kasko mai toka, ƙudaje suka rufe shi, ƙarni ya cika zauren. Dangi sun yi cincirindo kamar ana rabon goro. Baffa ya ɗaga kaskon yana nuna musu.

"Kun ga baƙinsa? Cutar ke nan ta fito. A ƙara!"

Aka ƙara. Da Baba ya yunƙura zai tashi, sai ya zube.

A amalanke muka kai shi likita. Majo, babban mai jinya, ya ja fatar idon Baba, ciki fari fat. Ya ga tsagar bayansa, ya yi tsaki.

"Huhu yana jawo iska," in ji shi, "amma jini ne ke ɗaukarta, zuciya ta tura shi ko'ina cikin jiki. Yunwa ta cinye masa jini, shi ya sa zuciyar ke gudu, huhun ke haki, suna neman cike giɓi. Baƙin da kuka gani ba cuta ba ne, jini ne da ya sauke iskarsa zai koma huhu ya ɗauko wata. Yanzu sai an ƙara masa. Wa zai bayar?"

Na waiga. Masu kallon kasko sun sulale ɗaya bayan ɗaya. Ni majo ya ƙi ɗibar nawa, ya ce mai shayarwa ce, kuma idona bai fi na Baba da komai ba. Saura Baffa.

Ya ja hannun rigarsa ya rufe damtsensa.

"Haba majo, cikin wannan yunwa wa ke da jinin zubarwa?"

Ashe ya san jini ba abin zubarwa ba ne. Baba bai kai la'asar ba. Da na koma gida ɗauko likkafani, kaskon na nan a zaure, ba wanda ya ko binne shi.